Turmin Farko

Shafi na 14

Shekara biyar Malam Salihu yana duba wa 'yan kasuwar Kano kaya a Guangzhou ta China, bai taɓa yarda ya buɗe atamfar da ake kira Zogale ba. Kowa ya sani. In tana cikin kayanka, sai ka nemi wani mai dubawar.

Yau babu wani. Tun da aka fara shirin wasannin Olamfik aka daina sabunta wa baƙi biza. Masu duba kaya uku da ke hawa ɗaya da shi a ginin Tianxiu duk sun tattara sun tafi. Shi ma kwana tara ya rage masa.

Hajiya Saude ta dire turmin a kan teburinsa.

"Malam Salihu, don Allah. Gobe za a rufe kwantena."

"Hajiya, kin san ba na taɓa wannan."

"Na sani. To wa zan kai wa? Ɗan sandan ƙofa?"

Bai yi dariya ba.

"Na lasa ta, babu gishiri ko kaɗan, na san jabu ce," in ji ta. "Ni dai duba min ko za ta zuba. Na tambayi mai shagon, ya ce min meyo, meyo, wai babu. Komai ka tambaye su meyo. Kai ka zana abar nan, ka fi kowa saninta. Abin da ya faru ya riga ya faru."

Ta ga fuskarsa, ta bar maganar.

Abin da ya faru bai da tsawo. Shekara ashirin da biyu yana shugaban masu zane a masaƙar gidan Dhanraj da ke Kano. Ya zana Zogale, mata suka yi rububinta. Wata huɗu sai ga irinta daga China ta cika Kantin Kwari. Aka ce shi ya sayar da zanen. Aka kore shi ranar Laraba. Ba wanda ya nuna masa jabun, shi ma bai nemi gani ba.

Ya ja turmin. Ya warware yadi ɗaya. Ya jiƙa yatsa a kofin ruwa ya goga a gefe, launin bai fita ba.

Da a nan zai tsaya. Amma idon mai zane ba ya kallon zanensa bai ƙirga ba. Kowane reshe ganye tara ne. Reshe na farko tara. Na biyu tara.

Na uku takwas.

Ya warware wani yadin. Na uku takwas. Ya warware har ƙarshe, turmin ya zubo ƙasa.

"Lafiya?" in ji Hajiya Saude.

"Ba za ta zuba ba. Ki loda."

"To ba ni."

"Bar min wannan."

"Kai da ba ka taɓawa?"

"Bar min, Hajiya."

Ta dube shi, ta ɗauki jakarta, ta fita.

Ya zauna. Fanka na juyawa, zafi bai ragu ba. Ya san kuskuren nan. Mai sassaƙa rolar jan ƙarfe ne ya tsallake ganye ɗaya ranar gwaji. Shi ya gani, ya tsayar da inji, aka gyara rolar kafin a buga na kasuwa. Duk Zogalen da ta fita daga masaƙa tara ce. Mai takwas turmi ɗaya ce a duniya, kuma ya san inda aka kai ta.

Ƙarfe biyu aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Girish Dhanraj ya shigo shi kaɗai, kamar jiya. Shekara sittin da bakwai, farar riga ta manne masa a baya da gumi. Shi ne shugaban kamfanonin gidansu goma sha ɗaya a ƙasa huɗu: sabulu, roba, kwanon rufi, da masaƙar da aka rufe. Asalinsu 'yan Indiya ne, amma a Fagge aka haife shi, don haka Kanawa ke ce masa Ɗan Fagge. Jiya ya ɓullo ba sanarwa, ya yi wa Salihu tayin aiki da gida a Legas. Salihu ya ce ya dawo yau.

"Sannu da aiki, Malam."

"Sannu, Maigida. Ga kujera."

Girish ya zauna. Idonsa ya sauka kan atamfar, ya ɗauke.

"Ka yi shawarar?"

Salihu ya tura masa gefen turmin. Ya ɗora yatsa kan reshe na uku.

"Ƙirga."

"Takwas ne."

"Ba ka duba ba."

"Na duba. Shekara biyar da suka wuce."

A waje wani yana jan amalanken ƙarfe. Suka jira ƙarar ta wuce.

"Duk rolar da aka yi sabuwa," in ji Salihu, "turmin farko gidanku ake kaiwa. A ajiye a ɗakin ibadarku gaban fitila, sannan a sa a akwati. Ba a sayarwa, ba a ɗinkawa. Ni nake naɗewa da hannuna in ba direba. Haka ne?"

"Haka ne."

"Wannan ma ni na naɗe. Har na ce a jira a buga mai kyau, ka ce a'a, na farko shi ne na farko ko da aibinsa."

"Na tuna."

"To daga akwatinku aka kwafa. Wanne ne cikin 'ya'yanka? Na Dubai ko na Landan?"

"Yaran nan ba su san inda akwatin yake ba."

"Ƙaninka kenan."

"Prakash rabonsa da Kano shekara goma sha biyar."

"To wa?"

Girish ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya daɗe yana gogewa.

"Ni ne."

Salihu bai motsa ba.

"Sati uku da rasuwar matata Kamla," in ji Girish. "Ka tuna lokacin. Wani ɗan China ya zo tallan kayan gyaran inji. Na ce ya biyo ni gida mu ci abinci. Ba don kasuwanci ba. Ba na son cin abinci ni kaɗai ne. Ya zauna awa uku, rabin abin da yake faɗa ban gane ba, amma dai akwai mutum a kujerar."

"Sai?"

"Sai ya miƙe zai tafi. Ka san yadda muka taso a Fagge. Gidan su abokina Isufu, ko ƙuli-ƙuli ne sai mahaifiyarsa ta ƙulla maka a takarda, ba ka fita hannu rabbana. Abin ya bi jikina. A gidana Kamla ce mai wannan. Ita ta san inda turare yake, inda goro yake, inda makullin sito yake. Na zagaya gidana ban san inda komai yake ba. Akwati ɗaya na sani."

"Na ɗakin ibada."

"Na ɗauki na sama. Na ce a raina zani ne kawai. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi ta godiya."

"Ai dole ya yi godiya."

"Da ta fito a Kwari na aiki direba ya sayo min ɗaya. Na shiga banɗaki na kulle, na ƙirga."

"Ka ga takwas. Sannan ka kira ni ofis."

"Ba ni na kira ka ba. Manaja ne."

"Kana zaune. A kujerar tsakiya. Kana wasa da biro."

Girish ya mayar da tabarau.

"Mu bakwai ne a majalisar gida, Malam. 'Ya'yan maza uku 'yan uwan juna. Mahaifina ya kafa doka tun yana da rai: wanda ya fitar da abin gida waje, ya sauka daga kujera. Suna ta bugo waya daga Dubai suna son suna. Manaja ya ce mai zane. Ni ban ce kai ba ne. Shiru kawai na yi."

"Shirunka ya kawo ni China."

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Makullin siton masallacin unguwarmu a hannuna yake shekara goma sha ɗaya. Liman ya aiko in mayar, wai za a canza kwado. Da kuka rufe masaƙa, mutum dubu da ɗari takwas suka rasa aiki, ka san ƙofar wa suka jefa? Innata ta rasu ina ginin nan ina ƙirga takalma. A waya aka gaya min. Ta tafi ba ta sani ba ko ɗanta ɓarawo ne."

Bai ɗaga murya ba. Kamar yana karanta jerin kaya.

"Shi ya sa na zo," in ji Girish. "Legas. Ba wanda ya san ka can. Gida, mota, ka kawo iyalinka."

"Wurin da ba a san ni ba? Ina cikinsa shekara biyar."

"To me kake so?"

"Sunana. Kwana tara in sauka Kano, ko ina so ko ba na so. Da shi zan sauka."

"Zan rubuta maka takarda. Da sa hannuna, da hatimi. In ce bincike ya nuna ba kai ba ne."

"Wa ke karanta takarda a Kwari? Za su ce ka ji tausayina. In ba ni ba ne, wane ne? Wannan za su tambaya. In babu amsa, ni ne har yanzu."



Salihu ya nuna silin da haɓa.

"Hawa na ashirin da uku, wajen Ayisha 'yar Kumasi. Duk Bakanon da ya rage a ginin nan yana can yanzu yana cin tuwo. Yanzu gari ya waye a gida. Abin da aka faɗa a teburin can, kafin a gama buɗe shaguna ya zagaye Kwari. Ka hau ka faɗa musu abin da ka faɗa min."

"Ranar Litinin akwai taron gida a Dubai."

"To?"

"Prakash ya daɗe yana neman dalili. Ina da talatin da ɗaya na hau kujerar nan, ranar da aka ƙona gawar mahaifina. Na karɓi shago biyu da masaƙa rabin gini. Yau kamfani goma sha ɗaya. In maganar nan ta isa kunnensu, ba sai an kaɗa ƙuri'a ba."

"Za ka talauce?"

"A'a."

"To me za ka rasa?"

Girish ya dubi taga. Ba a ganin komai sai gadar sama da tutocin wasanni.

"Inda zan tafi da safe," ya ce. "Ina da tara aka sa ni a jirgi zuwa makarantar kwana a Ingila. Can suna ce min ɗan Indiya. Na je Bombay, dangina suna ce min ɗan Afirka, suna dariyar yadda nake magana. Kano an san ni, amma ba a taɓa kirana sai da sunan ƙasar da ban zauna ba ko unguwar da na bari. 'Ya'yana in sun kira, maganar aiki ce. In babu kujerar, ban san me za su ce min ba. Ina jin su ma ba su sani ba."

"Allah sarki," in ji Salihu, ba tausayi a muryar.

"Ba neman tausayi nake ba."

"To me ya kawo ka? Da ka aiko wani da tayin."

"Wata goma sha ɗaya ban yi Hausa da kowa ba. Da Kamla da Hausa muke faɗa, don kar yara su ji."

"Hira ka zo yi kenan."



Salihu ya miƙe. Ya tattara atamfar daga ƙasa, ya haɗa gefe da gefe, ya naɗe ta yadda yake naɗewa a masaƙa, ya saƙale a hammata. Ya kashe fanka.

"Ni zan hau cin abinci. Lif biyu ne a ƙarshen baranda. In ƙasa za ka yi, taksi na tsayawa a gaban gini."

Suka fito. Ya kulle ofis. Barandar da a da sai ka karkata kafin ka wuce tsakanin buhuna, yau babu kowa. Shago bayan shago an ja ƙofar ƙarfe. Wani ya manna takarda da lambar wayarsa ta Bamako. Takun Salihu a gaba, na Girish a baya, a hankali.

Salihu ya danna na sama. Ƙofa ta buɗe, ya shiga. Har ta fara rufewa sai hannu ya tare ta.

Girish ya shigo, suka hau tare har hawa na ashirin da uku.

Wajen Ayisha ɗakin zama ne aka cire gado aka jera tebura uku. Ƙamshin miyar kuka ya tare su tun daga baranda. Mutum goma sha biyu ne a ciki. Talabijin na nuna masu ninƙaya, an kashe murya.

A kan babban teburin akwai Alhaji Kallamu, babban dillalin kayan gidan Dhanraj a Kano, a da atamfa, yanzu sabulu da bokitai. Shi ya fara hango Salihu.

"Jama'a, kowa ya ɓoye samfurinsa, ga mai zane!"

Aka yi dariya. Ba mai ƙarfi ba, dariyar kullum ce. Wani ya ja jakarsa zuwa tsakanin ƙafafunsa, wai wasa.

"Iyye!" in ji Alhaji Kallamu. "Yau har da Zogale a hammata? Ka zo karɓar ladanka ne wajen lawban, mai masaƙar jabun?"

Sai ya ga wanda ke bayan Salihu. Loma ta tsaya masa a hannu.

"Ɗan Fagge? La'ilaha illallahu! Kai ne a Tianxiu? Kai da kanka, babu 'yan rakiya?"

"Ni ne, Alhaji. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau! Ku matsa, ku matsa. Ayisha! Kawo wa Maigida tuwo, amma ki tsame naman, ba ya cin sa. Shekara talatin ina lallashinsa da kilishi ya ƙi."

"Yo, Alhaji, miyar ma da romo aka yi ta," in ji Ayisha daga kicin.

"To ki ba shi gaya!"

Aka sake dariya. Aka ja masa kujera. Girish bai zauna ba. Ya dafa bayanta da hannu biyu.

"Jama'a, ku yi haƙuri in katse muku cin abinci. Ina da magana a kan Malam Salihu."

 Wani ya dubi Salihu, ya dubi ƙofa. Salihu na tsaye jikin bango da turmin a hammata, yana kallon masu ninƙaya.

"Tsaya, tsaya, kafin nan," in ji Alhaji Kallamu. Ya riga ya goge hannu ya ciro waya. "Ƙaninka ya kira ni sau biyu jiya. Ya ce ka ɓace musu kwana huɗu, ba ka ɗaga waya, ko na ji labarinka daga Kano. Na ce ni ina China. Ashe muna gini ɗaya! Bari in kwantar masa da hankali."

"Alhaji..."

"Ai ta shiga. Halo? Mista Prakash! Albishirinka. Ga shi a gabana, lafiyarsa ƙalau, har ya yi ƙiba. Riƙe."

Ya miƙo wayar ta saman kwanukan tuwo.

Girish ya dube ta. Alhaji Kallamu ya ƙara miƙowa, yana murmushi.

Salihu ya sauke ido daga talabijin. Ya san yadda za a yi. Girish zai karɓa, ya ce bari ya fita baranda ya amsa, ya yi magana da yarensu. Lif na nan kusa. Ya taɓa ganin mutumin nan a kujerar tsakiya.

Girish ya karɓi wayar. Ya juya ta a hannu, ya kusantar da ita ga tabarau.

"Ina ake dannawa kowa ya ji?"

Alhaji Kallamu ya daina murmushi. Ya miƙo yatsa ya danna.

Girish ya ture kwanon miya gefe, ya ajiye wayar a tsakiyar tebur. Muryar Prakash ta fito siririya, yana kiran yayan nasa yadda suke kira a gida.

"Dada? Dada, kana ina?"

"Prakash. Har yanzu kana jin Hausa?"



"Kaɗan-kaɗan. Me ke faruwa? Su waye a wurin?"

"Kaɗan ɗin ya isa," in ji Girish. "Akwai wani daga majalisa kusa da kai?"

"Muna ofis. Mu huɗu."

"Kira su. Kuma kar ka kashe wayar."